Wadda Ke Duba Mana Ɓari

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Na faɗi haka da bakina lokacin da na taɓa ƙafar Gwaggo na ji ta yi sanyi. Har yau ina maimaitawa, domin bakina ya yarda tun a ranar, zuciyata ce take ja da baya.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Ta rasu da hantsi a gidan hayar da muke zaune bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, nesa da ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, wanda rashin zaman lafiya ya kore mu daga cikinsa. Ba ta yi jinya ba. Ta sha kununta, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta kwanta. Shi ke nan.

Kafin a gama haɗa ta, gida ya cika. Wata tsohuwa ta zo a bayan babur tun daga Ɗan Isa, ta zauna a bakin ƙofa tana lissafa 'ya'yanta da Gwaggo ta karɓi haihuwarsu, in ta manta ɗaya sai ta koma farko. Sista, ma'aikaciyar jinyar nan Kirista 'yar kudancin Kaduna da ke aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwarmu, ta baro aikinta da fararen kayanta. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin tana kuka har mu masu mutuwar muka koma ba ta haƙuri. Wata mata da ban taɓa gani ba kuwa ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ta riƙe mini asiri tun ina amarya. Yau ta tahi da shi." Ta juya ta fita, ko ruwa ba ta sha ba.

Na lura da wani abu a ranar. Masu kuka da ƙarfi su ne waɗanda Gwaggo ta yanke wa 'ya'yansu cibiya. Masu zama shiru a lungu suna kallon ƙasa kuwa, su ne waɗanda nasu bai iso ba. Kowace ungozoma ana tuna ta da shagalin ranar suna. Gwaggo an fi saninta da waɗanda ba a yi wa suna ba. Saboda su nake wannan rubutu, duk da karatuna bai wuce firamare ba, domin su ba su da bakin da za su ba da shaidarta.

Maza suna fita da makara ke nan sai na ji ana kirana a hankali daga ɗakin matar ƙanena.

Ƙanena direba ne, yana ɗaukar hatsi tsakanin Kaura da Shinkafi. 'Yan bindiga suka tare hanya suka harbe shi, bai cika wata biyu da rasuwa ba a lokacin. Aurensu ko shekara bai yi ba. Matarsa tana takaba a ɗakinsa, mahaifiyarta kuma ta zo daga Shinkafi tana taya ta zama. Yarinyar ta yi ɓatan wata, ba ta faɗa wa kowa ba sai Gwaggo, Gwaggo kuma ta raɗa mini don in hana ta ɗaukar bokitin ruwa.

Na shiga na same ta a kwance, zaninta ya ɓaci da jini. A gefenta ga kwanon sha an rufe da faifai.

Mahaifiyarta ta ce, "Tun da anka ce tsohuwa ta cika mararta ta kama. Ga abin da ya hita. A duba muna. In ɗa ne, takaba ta ƙare, in ɗauki ɗiyata mu koma gida. In jini ne, ta ƙarasa kwanakinta."

Na ce, "Wa zai duba? Mai dubawa ga ta can an fita da ita."

"Ke mana. Ba ke ka dahwa mata ruwa ba?"

Ga wanda bai sani ba: mace mai takaba ko mai idda, in tana da ciki, ranar da ta sauke shi ranar ta fita, ko da cikin bai kai ya yi siffa ba. To amma ƙaramin ciki in ya zube, ido ba ya bambance shi da gudan jini. Abin da malamanmu suka ce, kuma Gwaggo ta yi aiki da shi duk rayuwarta, shi ne a zuba masa ruwan zafi. In ya narke, jini ne. In ya tsaya, farkon mutum ne.

Na tsaya riƙe da labule. In na ce ɗa ne, na ɗora yarinyar nan a kan hanyar da ta cinye mijinta. In na ce jini ne, za ta zauna a gabana inda nake ganinta har takaba ta cika, amma na gaya mata ke nan ƙanena ya tafi bai bar komai a jikinta ba. In kuma na yi kuskure ta kowane gefe, hukuncin Allah na taɓa.

Na ce, "Bari in ɗora ruwa." Na je na zauna a gaban murhun gawayi ina fifita. Yawancin abin da zan faɗa game da Gwaggo a nan ya dawo mini.

Ina 'yar ƙarama muzuru ya kama mana kaza tana kwance a kan ƙwai. Da safe Gwaggo ta kira ni, ta fasa ɗaya a cikin ƙoƙo. A kan gwaiduwar akwai jajayen zarurruka kamar saƙar gizo, a tsakiyarsu kuma wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Yana bugawa. Na ja da baya zan gudu, ta riƙe mini wuyan riga.

"Tsaya, Uwar Zullumi, ba ya cizo. Duba da kyau. Baki, hiffike, ƙahwa, har carar da zai riƙa tashinmu da ita, duk suna cikin ɗigon ga. Ke ma haka kinka faro, ke da tsoronki."

Muna kallo bugun ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ba ta zuba wa kare ba. Ta tona rami da ɗan icce ta rufe. Uwar Zullumi take ce mini tun daga lokacin har ta bar duniya, ko a gaban surukaina.

Ba ta cewa ɓari. Sai dai ta ce, "Baƙo ya leƙo ya koma." Tsohon zani ba ya fita daga ɗakinta. Takan wanke shi, ta yayyaga ƙanana, ta linke ta ajiye a cikin wata tukunya, ba mai taɓawa. Goro ba ya barin bakinta, kuma ba ta iya sassauta murya ba sai a kan abu ɗaya: in maganar ƙaramin ciki ce. Nan kam ko wanda ke kusa da ita ba ya ji.

Faɗan da ta yi da mahaifinmu, kowa a ƙauyenmu ya san shi. Ya yi baƙi, ya ce a yanka wata jar akuya. Gwaggo ta ce a bar ta, bunsuru ya bi ta, kuma ta daina kula shi.

Mahaifinmu ya shafa cikin akuyar ya ce, "Ina cikin yake? Ke Yaya, ko turmi kinka kalla sai kin ce ya yi ɓatan wata."

"Turmi ya hi ka jin magana."

Aka yanka. Ana feɗewa sai ga wata 'yar jaka mai ruwa garai-garai, a cikinta wani abu kamar ƙwayar wake, da baƙin ɗigo inda ido zai fito. Gwaggo ta sa hannu ta ɗauka, ta ɗora a tafin hannun mahaifinmu a gaban baƙinsa, ta ce, "Ga naka kason." Ba ta ci naman ba. Ba ta kuma ƙara yi masa magana ba tun daga shuka har aka yi girbi. In tana son ta gaya masa abu sai ta ce mini, "Hwaɗa ma ubanki," alhali yana zaune a gabanta. Daga baya ya sayo mata 'yar burguma ya ɗaure a ƙofar ɗakinta. Ta fito ta duba haƙoranta ta ce, "Akuya na karɓa. Hankalinka kuwa har yanzu ban gan shi ba."

Cikina na fari bai zauna ba. Na yi daka da yamma, gari na wayewa ya zube. Na sa wa raina ni na kashe shi. Gwaggo ta zo ta sa aka dafa ruwa, ta kore kowa, ta ce in matso in gani. Ta zuba ruwan ta gefen kwano a hankali, ba a kan abin ba. Ta ce ba a motsawa, ba a sa hannu, ba a sa icce. Ruwa shi zai yi magana. Jinin ya baje, wani ɗan abu ya tsaya.

Na ce, "Gwaggo, taɓaryar nan ce. Da ban yi dakan ba..."

"Mata nawa ka daka har ranar haihuwa? Wanda anka rubuta ma zama, ko daga bisa rimi kinka hwaɗo yana nan. Wanga leƙowa kawai anka aiko shi."

"To in Allah Ya tambaye ni fa?"

"Sai ki ce Mai, tuwo nike nema ma mijina. Ya san da haka."

Ta ɗauko ƙyalle daga tukunyarta ta naɗe shi, muka zaga bayan ɗaki ta binne a gindin lalle. A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Na taso ina jin ana ce mata juya a bayan idonta, don ba ta da ɗa ko ɗaya. Ta ce, "Juya ba ta ɗauka. Ni na ɗauka har na daina ƙirgawa. Riƙewa ce ba a ba ni ba. Na hwarko suruwata a juji ta zubar, ina ji kare yana ja. Ran nan na ce muddin ina da rai ba a ƙara yi ma wata haka." Ta share hannunta a zani, ta ɓantari goro, ta ce in tashi in sha kunun kanwa.

Ba zan rubuta cewa ba ta taɓa kuskure ba, don in na yi haka na yi mata ƙarya tana kabari. Matar wani maƙwabcinmu cikinta ya ɗago, wata tara ya wuce ba haihuwa. Gwaggo ta shafa ta ce cikin ne ya kwanta, zai tashi. Ta yi ta ba ta jiƙe-jiƙe, damina biyu, matar tana ramewa tana zubar da jini. Mijin ya gaji ya kawo ta Kaura. Aka yi mata hoton ciki, aka ce ba ɗa ba ne, ƙari ne. Aka kai ta Gusau aka yi mata aiki. Ta rayu, amma an cire mahaifar.

Gwaggo ta hau mota ta zo Kaura musamman don ta yi faɗa. Ni na raka ta. A nan ta fara haɗuwa da Sista.

"Ke ce mai madubin da ka ƙaryata mutane?"

Sista ta yi dariya ta ce, "Mama, ni ban isa ba. Zo ki zauna ki gani da idonki."

Akwai wata mai ƙaramin ciki a kan gado, ta yarda a nuna. A jikin gilashin sai ga wani baƙin wuri kamar bakin rijiya, a cikinsa ɗan farin abu yana ƙyaf-ƙyaf. Gwaggo ta daina taunar goronta. Ta daɗe tana kallo. Muka hau mota muka kama hanyar gida har muka kusa Zurmi. Ta kalli tafin hannunta ta ce, "Yana gani, amma ba ya gani duka." Kwana da kwanaki ba ta iya cin abinci ba. Ta je ta durƙusa wa matar maƙwabcin nan, wadda ta yi jika da ita. Daga lokacin, duk wadda ta zo da abin da ya shige mata duhu sai ta ce, "Tahi wajen ɗiyata mai madubi." Da muka dawo Kaura da zama kuwa, ita da Sista suka zama kamar uwa da ɗiya, suna musu kullum, suna raba goro.

Wannan labarin shi ya fi tsaya mini a gaban murhu. In Gwaggo, da duk shekarunta, ta iya kallon ƙari ta ce ɗa ne, ni wace ce?

A damina ta ƙarshe da ta gani, ɗiyata da ke makarantar koyon aikin lafiya ta zo hutu. Ta nuna mata wani hoto mai motsi a waya: ƙwayar halitta guda ɗaya, wadda ido ba ya iya gani, ta tsage ta zama biyu, biyun suka zama huɗu, suka yi ta ƙaruwa har suka dunƙule kamar curin fura.

Gwaggo ta ce, "Wa ya yanka ta?"

"Ba kowa, Gwaggo. Da kanta take rabuwa."

"To ina ƙashin? Ina hanjin?"

"Babu tukuna. Da fari duk iri ɗaya ne, kowace tana iya zama komai. Daga baya sai kowace ta kama hanyarta, wannan ta zama fata, wannan jini, wannan ido. In ta kama kuma ba ta dawowa."

"Wa ka raba musu aikin?"

"Akwai saƙo a cikinsu, kuma suna jin na kusa da su. Malaminmu ya ce wani an gano, wani har yanzu ana nema."

"Malaminku yana da kunya, ya yi kyau." Ta karɓi wayar ta kai kusa da idonta. "Ashe ido da diddige ɗakinsu guda. Shi ya sa in ƙaya ta soki ɗaya, ɗayan ka hawaye."

Muka yi ta dariya. Sai ɗiyata ta ƙara da cewa da yawa daga cikinsu ba sa ma kaiwa ga kama mahaifa, suna bin jinin wata su fita, macen ba ta san an yi ba. Gwaggo ta miƙa mata wayarta. Fuskarta ta canza.

"To waɗannan wa ka binne su?"

 Da la'asar na same ta zaune ita kaɗai tana yayyaga wani zani, alhali tukunyar a cike take.

Ruwa ya tafasa. Na sauke, sai na ga kamar bai kai ba, na mayar. Na sake saukewa, na tuna Gwaggo takan bar shi ya ɗan huce daga tafasa, ban kuma san iya hucewar ba. Na sake mayarwa. Mahaifiyar yarinyar ta leƙo ta ce, "Ke baiwar Allah, dubawa anka ce, ba dahuwa ba."

Na ɗauki butar da kwanon na zaga bayan ɗaki, inda mata masu gaisuwa ba za su gani ba. Na ce ɗiyata ta kira mini Sista. Kafin ta iso na buɗe faifan.

A kusa da ƙafata akwai wani tsinke. Na kalle shi. Na san in na zuba ruwan da ƙarfi na ɗan juya, komai zai iya wargajewa, in fito in ce jini ne. Yarinyar ta zauna. Kafin takaba ta cika wataƙila hanya ta yi sauƙi. Na ji muryar ƙanena ranar da zai fita yana ce mini in ajiye masa ƙanzo. Na sa ƙafa na ture tsinken ya faɗa kwata.

Na yi bisimilla na zuba ta gefe.

Ruwan ya yi ja. Gudajin suka saki, suka baje. Na jira, na tsiyaye a hankali, na ƙara wani. A ƙasan kwanon wani abu ya rage, bai kai kan ɗan yatsa ba, fari-fari, da gashi-gashi kamar audugar da ta jiƙe. Na nemi kai, na nemi ɗigon ido irin na akuyar nan. Ban ga komai ba.

Sista ta durƙusa kusa da ni ta sa tabarau. Ta karkata kwanon wajen haske ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Wannan ɗakinsa ne, abin da zai zama mabiyiya. Shi kansa ban gan shi ba. Ko ya yi ƙanƙanta ya bi jini, ko kuma tun farko bai samu ya tsaya ba."

"Sista, kada ki sa ni a tsakiya. Ɗa ne ko ba ɗa ba ne?"

"Maman yara, wannan tambayar ta ku da malamanku ce. Ni abin da na sani zan gaya miki. Jinin wata ba ya yin wannan. Ƙwaya ɗaya ce ta rabu, wasu suka tafi gina ɗaki, wasu suka tsaya su zama mai ɗakin. Duk abin da kike gani a kwanon nan, rabinsa na ƙanenki ne."

Na zauna a ƙasa daɓas. Ban yi kukan ƙanena yadda ya kamata ba ranar da aka kawo shi, don ina ta hidimar mutane. A bayan ɗakin nan na yi shi, kwano a cinyata.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Da maza suka dawo daga maƙabarta na kira maigidana na kwatanta masa komai, har da abin da Sista ta ce ba ta gani ba, na ce ya je ya faɗa wa liman kada ya rage ko kalma. Ya dawo ya ce liman ya ce abin da ruwan zafi bai narkar ba ya fitar da ita daga takaba. Ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, a naɗe shi a binne. Na ce ya tabbata ya faɗi maganar rashin ido? Ya ce, "Na faɗa. Ya ce a gaishe ki, kuma ki ji tsoron Allah ki bar shi ya ci abinci."

Na shiga ɗakin. Yarinyar ta juya fuskarta ga bango. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Yaya, akwai?"

Na ce, "Akwai."

Kafaɗunta suka fara rawa. Can ta ce, "Na ɗauka ko ni na ƙirƙira don in samu abin riƙewa."

"Ba ki ƙirƙira ba. Na gani, Sista ta gani."

Tsakar gidan hayar siminti ne, ba inda za a tona. Matan da suka ɗinka likkafanin Gwaggo sun bar wani ɗan guntu a kan tabarma. Da shi na naɗe. Maigidana ya sa a aljihun gaban rigarsa ya koma maƙabarta, ya tona ɗan rami a gefen ƙafafunta, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba.

Sista ta tafi da yarinyar asibiti aka yi mata wankin ciki, aka ba ta magani. Da ta ji ƙarfi mahaifiyarta ta fara ɗaure kaya. Na roƙe su. Na ce su bari a yi sadakar arba'in, na ce su bari a ji labarin hanya, na ce jikinta bai yi ƙwari ba. Har na ce ko za a sake tambayar wani malamin.

Yarinyar ta ce, "Yaya, kowane lungu na gidan ga shi nike gani. Ki bar ni in je in ga wani bangon."

Ranar kasuwar Shinkafi motoci sukan taru su tafi a jere. Na raka su tasha. Na duba tayoyin motar, na tambayi direban ko ya ji wani abu, ya ce, "Hajiya, in mun ji ba mu tahiya. Wanda ba mu ji ba shi ka kashe mu." Yarinyar ta zauna a tsakiya, ta sa atamfa mai launi karo na farko tun rasuwar mijinta. Ta ɗaga mini hannu.

A kwanakin nan sabis ɗin waya ba ya zuwa wajensu. Na kira har cajin wayata ya ƙare, na kai aka sa, na sake kira. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in fito in leƙa. Mata suna zuwa gaisuwar Gwaggo ina amsawa, amma ban san me nake cewa ba. Abu ɗaya nake ta juyawa: kalma ɗaya na faɗa, kuma ita ta sa ta a motar nan.

Sai da kasuwa ta sake zagayowa direban ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce sun isa lafiya tun a ranar, an ce ya gaya mini, mantawa ya yi.

Na yi godiya ga Allah, na ba shi ruwa. Mutane suka ce, kin gani, gaskiya ba ta kashe mai ita. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Ƙanena ma bai yi wa kowa ƙarya ba. Da motar nan ba ta isa ba, abin da ke cikin kwanon bai canza ba, kuma da ni ce dai na faɗa.

Irin wannan kayan Gwaggo ta yi ta ɗauka tun kafin a haife ni. Kalmarta ta raba aure, ta halatta aure, ta tsayar da mace, ta sallami mace. Sau ɗaya kuma ta jawo wa wata hasarar da ba ta gyaruwa, ta ci gaba da zuwa duk inda aka kira ta, don in ba ta je ba a juji za a zubar. Muna ganinta tana taunar goro tana zolayar mutane, muka ɗauka ba ya mata nauyi. Ni da na fi kowa zama kusa da ita, ban taɓa tambayarta ba.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa ta a addu'a. Allah Ya yafe mata inda hannunta bai gani ba, Ya sauke mata kayan nan, Ya yalwata mata makwanci ta huta. Ni kuma da aka ɗora wa, Allah Ya ba ni ƙarfin wuya.